Kada Ki Ce Mini "Na Je" Kawai

Unguwar Hausawa,
Anacha.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Isa, da jikata, amaryata Hadiza mai kukan safe. Allah Ya kai ku Fatakwal lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya sauke ku a hannun mutanen kirki. Na ba Gwaggonki Asabe takardar ta cusa miki a cikin akwati, don ba na so ki karanta ta sai kin isa kin huta.

Za ki yi mamakin ganin rubutuna, don kin san hannun mahauci ya fi sabawa da wuƙa a kan alƙalami. Ki yi haƙuri da karkatattun layukan. Abin da ya sa na zauna na yi wannan wahala shi ne akwai maganar da bakina ba zai iya faɗa miki ido da ido ba. Ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata gare ki, kunya biyu ke nan a kaina. Tun kina rarrafe ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, balle in zaunar da ke in yi miki zancen jikinki.

Gwaggonki ta faɗa mini. Kada ki yi fushi da ita, ni na matsa mata, kuma kin san cikinta ba ya riƙe magana fiye da yadda rariya ke riƙe ruwa. Ta ce likitan asibitin mishan ya taɓa wani ɗan ƙullutu a ƙirjinki. Ya ce ƙarami ne, mai yiwuwa shayarwa ce ta jawo shi, amma lallai a sake dubawa kafin azumi, kuma tunda za ku tashi, ki kai kanki babban asibitin Fatakwal. Tun da na ji wannan magana abinci ya daina yi mini daɗi. Tsoro nake ji, Uwani, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ba ƙullutun ne ya fi ba ni tsoro ba. Ina tsoron ranar da zan aiko in tambaya ko kin je, ki aiko mini da "na je, Baba," ni kuma in ce madalla in koma mayanka da raina fari. Na san wannan hanyar, na taɓa bin ta har ƙarshe.

Bari in fara da kaina, don kada ki ce tsoho yana ganin laifin mata kawai.

Wata shekara, kina 'yar yarinya, tun Turawa na nan, masu duba-gari suka zo mayanka suka ce duk wanda ke taɓa nama ya je babban asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa saboda tarin fuka. Sarkin Fawa na lokacin, Allah Ya jiƙansa, ya tara mu ya ce kowa ya je, kada a ja masa magana. Na tashi da niyyata tsakani da Allah. Na isa na tarar da layi ya fito har bakin titi, rana ta take, ga shi an ce mini shanu sun iso Asaba ana jiran jirgin fito ya tsallako da su. Na tsaya kaɗan, na dubi layi, na tuna shanu, na ce gobe ma rana ce. Da yamma Sarkin Fawa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya.

"Garba, ka je?"

"Na je, ranka ya daɗe."

Me zan ce? Ai ba a kallon babba a ce masa a'a a gaban jama'a. Duk wanda aka tambaya a ranar ya ce ya je, har da Ɗan'azumi da na san tun safe yana gindin mangwaro yana barci. Abin da ya fi ba ni mamaki, bayan 'yan shekaru da aka sake tayar da zancen, na rantse da gaskiyata cewa an ɗauke ni hoton nan. Har ina iya tuna ɗakin da sanyin ƙarfen a ƙirjina. Ashe labarin wani ne na ji har ya zama nawa. Sai da Ɗan'azumi ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai Garba, ji tsoron Allah, ba tare muka tsallako da shanu ranar ba?" Na laluba a cikin kaina, na ga gaskiyarsa.

To ki ji. Mutum yana iya faɗin abu don ya huta da tambaya, ya maimaita shi har zuciyarsa ta karɓa. Ranar da kika je kika tarar da layi kika juyo, ki dawo ki faɗa da bakinki cewa ba a gan ki ba, ko da Isa kaɗai za ki faɗa wa. Kada ki bari maganar ta kwana a cikinki ta rikiɗe. Ni Allah Ya rufa mini asiri, ƙirjina lafiya lau ne, shi ya sa nake ba ki wannan da dariya. Na gaba ba na dariya ba ne.

Kin san Innarki ta rasu da ciwon da likita ya kira kansa, mu muke ce masa daji. Kina da wayo lokacin, kin yi jinyarta, kin wanke mata zane. Amma akwai farkon labarin da ba ki sani ba, don ba irin wanda ake ba yara ba ne.

Bayan haihuwar ƙanenki Ɗanlami ta ji wani abu a ƙirjinta. Ba ta faɗa mini kai tsaye ba. Ina alwala ta tsaya a bayana ta ce, "Malam, ina so in leƙa asibiti, wani ɗan abu ne na mata." Ban juyo ba na ce Allah Ya sawwaƙe, ta je. Ta je kuwa, wannan zuwan na gaskiya ne. Likita ya duba ya ce ta riƙa dawowa a kai a kai yana gani, in abin ya ƙara girma a cire tun yana ƙarami. Ta dawo ta faɗa mini rabin maganar tana kallon ƙasa, ni ma na ji rabin ina kallon bango.

Daga nan, duk bayan wani lokaci, in na tuna, sai in tsaya a bakin ƙofar ɗaki in jefa tambaya.

"Kin kuwa koma wajen mutanen nan?"

"Na koma."

"Me suka ce?"

"Sun ce lafiya."

"To madalla."

Iyakar binciken da mijinta ya yi ke nan. Ni da ba na sayen bijimi sai na buɗe bakinsa na ga haƙora, na shafa haƙarƙari, na sa an zagaya da shi na ga tafiyarsa. Ban taɓa sayen dabba a kan "lafiyarta lau" ba. Amma matata ta ce mini lafiya daga bayan labule, na karɓa har da godiya, saboda amsar da nake so in ji ke nan, kuma saboda an koya mana namiji ba ya tona zancen mata.

Kuma ba ƙarya take yi ba, wannan nake so ki gane. Innarki ba ta iya ƙarya ba, ko cinikin gyaɗa take yi sai ta faɗa wa mai saye in ta kwana. Tana zuwa asibitin nan da ƙafarta. Sai dai awon Ɗanlami take kai shi. A ɗora yaro a sikeli, a duba idonsa, Sista ta ɗago ta ce mata, "Madam, body dey fine?" ita kuma ta ce "Fine," kamar yadda kowane Bahaushe zai amsa gaisuwa ko yana kan gargara. A wajenta an gan ta ke nan. Ta shiga asibiti, mai farin kaya ta tambayi lafiyarta, ta fito. Ɗakin likitan yana can ƙarshen baranda, da nasa layin daban, kuma a can sai an kwance zane a gaban namiji baƙo. Wa zai ga laifinta in ƙafarta ta fi son ɗakin awo?

Ke ma yanzu da goyo kike. Za ki riƙa kai amaryata awo a Fatakwal, za a tambaye ki lafiya, za ki amsa. Awon Hadiza na Hadiza ne. Naki bai yiwu ba sai an sa hannu an taɓa wurin, an kuma faɗa miki abin da aka ji. In kunyar likita namiji ce ta dame ki, ki nemi Sista ta tsaya a ɗakin, ana yin haka. Kin fi Innarki sa'a, ke haihuwar Anacha ce, kina jin Ibo kamar 'yar kasuwa, ga Turancin makaranta. Ita sai da tafinta, kuma abin da za ta faɗa wa tafinta namiji ya fi ciwon nauyi a bakinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Uwani.

Kuskurena na ƙarshe shi ne wanda har yau in na tuna sai in ji kamar an ɗora mini dutse.

Da abin ya fito fili, hannunta ya fara nauyi, ta kasa ɗaga tulu, na ajiye wuƙa na raka ta da kaina. Karo na farko ke nan da na taka barandar nan. Likitan wani dattijon Ibo ne mai magana a hankali. Ya duba ta, ya fito da ni gefe, ya tambaya ta bakin Sista yaushe rabon da ya ga matar nan a ɗakinsa. Ban ko tsaya tunani ba na amsa.

"Kwanan nan ne, likita. Bayan Babbar Sallah."

Sista ta juya maganar, ya girgiza kai, ya sake cewa wani abu. Ta ce, "Malam, yana tambaya wace Sallar?"

Na buɗe baki zan ce wadda ta wuce mana, sai na tsaya. Na tuna ranar da ta zo ɗakin likitan, na ga fitarta daga gida da idona, Ɗanlami yana goye a bayanta, kansa ko tsayawa bai gama yi ba. Na waiwaya. Ga Ɗanlami can a tsakar asibiti yana bin wata akuya da gudu, yana zaginta da Ibo. Yaron da aka yaye tuni, har an fara zancen sa shi makarantar allo. Wallahi da za a ba ni Alƙur'ani kafin wannan lokacin, da na dafa na ce ba a fi 'yan watanni ba. Ita ma da aka tambaye ta cewa ta yi, "Ai ba a daɗe ba." Mu biyu, babu maƙaryaci a cikinmu, kuma babu mai gaskiya.

Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya dafa kafaɗata ya ce kusan kowa haka yake amsa masa, abin da aka yi shekarun baya sai a ce jiya ne. Sannan ya ce da an zo lokacin da ya ce a zo, da aikin ƙarami ne. Sauran kin sani.

Haka kwanaki suke ga mai neman abinci. Asuba mayanka, hantsi kasuwa, la'asar kara wajen cinikin shanu, kafin ka ɗago kai shekara ta juya. Abin da kake tsoro kuma, zuciya tana son ta ce maka ai kwanan nan ka gama da shi. Saboda haka kada ki dogara da "ba a daɗe ba". Ki ɗaure zuwanki da abin da ba ya ruɗewa. An ce kafin azumi, to ki sa a ranki ba za ki sayi geron kunun buɗa-baki ba sai kin je. In suka ce ki sake dawowa, ki tambayi watan, ki ɗaure shi da wani abin, ko yayen Hadiza ko Mauludi, ki kuma faɗa wa mutum biyu masu baki. Gwaggonki ta isa mutum biyu ita kaɗai.

Tunda na ambace ta, bari ki ji nata. Bayan rasuwar Innarki tsoro ya shiga matan unguwa, kowace ta ce za ta je a duba ta. Da aka kwana biyu na tambayi Asabe, ta ce, "Haba Yaya, tuni! Har allura aka yi mini." Na ce a ina? Ta ce wajen mai kemis na bakin babbar kasuwa, wai ai shi ma farar riga yake sawa, kuma shi ba ya sa mutum layi. Na ce Asabe, ni ma farar riga nake sawa a mayanka, zo in duba ki. Ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni ba. Amma daga baya ta je na gaskiya, ta dawo tana ba da labari kamar wadda ta dawo daga Makka. Da wani zai bi gida-gida a unguwar nan yana tambaya wa ta je, da ya koma ya ce matan Hausawan Anacha sun fi kowa zuwa asibiti a duk ƙasar nan.

Ban ga laifin kowa ba. Mu baƙi ne a nan, ko mun haifi 'ya'ya mun aurar. Asibiti wuri ne da ake kiran sunanka a karkace, a yi maka tsawa da yaren da ba ka gama ji ba, ka bar sana'arka yini guda. Ga tsoron a ce za a yanka. Ga kuma tarbiyyarmu, wadda ta ce kada ka ɗora wa mai tambayarka damuwa, ka ba shi amsa mai daɗi ya wuce. Tarbiyya ce mai kyau a wajen gaisuwa. Na san ajali ba ya jira, kuma ban ce da na yi kaza da Innarki tana nan ba, wannan sanin Allah ne. Amma Allah bai hana ni tambaya ba, ni na hana kaina. A kwanakinta na ƙarshe ta ce mini, "Malam, da ka matsa mini da na shiga ɗakin nan. Jira nake ka matsa." Ba da zafi ta faɗa ba, tana ma ɗan murmushi. Na fita waje na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Ke kuma halinta kika ɗauko kaf. Kina da zazzaɓi kina daka, a tambaye ki ki ce lafiya lau. Shi ya sa ban yarda da ke ba a wannan magana, duk da ban taɓa kama ki da ƙarya ba. In kin rubuto, kada ki ce mini "na je" kawai. Ki faɗa mini wa ya duba ki, mace ko namiji, ya taɓa wurin ko tambaya kawai ya yi, ya ce ya ƙaru ko ya ragu, yaushe ya ce ki koma. In kunya ta hana ki rubuta wa mahaifinki haka, rubuta wa Gwaggonki, kafin la'asar zai iso kunnena. In kuma ba ki je ba, ki ce ba ki je ba. Wallahi ba zan yi fushi ba, zan hau mota in zo in raka ki.

Saura abu ɗaya, kuma gara ki ji daga gare ni.

Shekaranjiya na aika aka kira mini Isa. Kin san tun da ya aure ki, in ya hango ni a layin 'yan goro sai ya sake hanya, in kuwa muka yi kiciɓis ya tuɓe takalmi ya durƙusa, gaisuwa kawai, kowa ya kama gabansa. Haka ya kamata tsakanin suruki da suruki, kuma yaron kirki ne. Ya zo ya same ni a zaure bayan azahar, ya tsuguna can bakin ƙofa kamar mai shirin gudu. Na ce ya matso. Ya matso kaɗan. Na ce ya ƙara.

Na ce, "Isa, ka san abin da likita ya gani a jikin iyalinka?"

Ya ce, "Ta ce mini wani ɗan abu ne na mata, Baba."

Jin wannan kalma daga bakinsa, sai na tuna Innarki tsaye a bayana ina alwala. Na ce a raina yau ko ƙasa za ta tsage in shige, sai na faɗa. Na ce, "Ƙullutu ne a nononta na hagu. Irinsa ne ya kashe uwarta."

Uwani, ban taɓa zaton bakina zai furta wannan a gaban mijin 'yata ba. Yana kallon tabarma, ina kallon tabarma. Ya ce, "Na ji, Baba. In sha Allahu zan riƙa tambayarta."

Na ce, "Tambaya ni ma na yi, ga inda ta kai ni. Kai za ka kai ta da ƙafarka. Ka bar aikin ranar ko nawa za a yanke maka. Ka zauna a benci har a kira ta, in ta fito ka shiga ka ji daga bakin likita da kunnenka. In ta ce maka ta riga ta je, ka ce to, mu koma tare."

Can ya ɗago ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Na ɗauki alkawari, Baba."

Na san in kin karanta nan za ki rufe fuska, ki ce Baba ya tona miki asiri, ya zubar da girmansa a gaban suruki. Na zubar, kuma ban yi nadama ba. Na riƙe girman nan da kyau a lokacin Innarki, ban bar ko ɗigo ya zuba ba, na kuma raka ta maƙabarta da shi cif. Ki ji haushina, ki yi shekara ba ki iya haɗa ido da ni ba, na yarda. Ni dai ki kasance kina nan.

Allah Ya sa abin nan ba komai ba ne, Ya sa in zama tsohon da ya tayar da hankalin mutane a banza, ku yi ta yi mini dariya. Allah Ya tsare ki a baƙon gari, Ya tsare mijinki a bakin aikinsa, Ya raya Hadiza ki ga aurenta da idonki. Allah Ya jiƙan Innarki, Ya yafe mini abin da na gaza a kanta. Ɗanlami yana gaishe ki, ya ce kada ki manta da alkawarin takalminsa. Ki shafa mini kan amaryata.

Na bar ki a hannun Wanda ba Ya barci.

Mahaifinki,
Garba